Inkiyar Jirgin Jinƙai a Rediyo: Abin da Take Buɗewa da Abin da Ba Ta Buɗewa

A ce ga ƙaramin jirgi mai kujera huɗu ya taso daga Yola, ɗauke da dattijon da zai ga likita a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, tare da ɗansa mai rakiya. Matuƙin bai karɓi ko sisi ba, man ma daga aljihunsa ya fito. Jami'in da ke hasumiyar filin jirgi ba ya ganin dattijon, ba ya ganin takardar asibiti. Abin da ke gabansa 'yan haruffa ne da lambobi, sai muryar da take faɗo su a rediyo. Waɗannan haruffa su ne inkiyar jirgin, kuma da su ake ce masa hau, sauka, dakata ko wuce. Idan Bahaushe ya ce suna linzami ne, a sararin sama maganar a zahiri take.

Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wadda Najeriya ke bi, ta san inkiya iri uku. Mafi sauƙi ita ce lambar rajistar da ke rubuce a jikin jirgin. Ta Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar 5U, ta Chadi TT, ta Amurka N. Jirgin da rajistarsa 5N-ABC zai kira kansa harafi bayan harafi: Five November Alfa Bravo Charlie. Ta biyu ita ce sunan rediyo na kamfani ko ƙungiya, a bi shi da haruffa huɗu na ƙarshen rajista. Ta uku sunan rediyon ne da lambar tafiya, kuma ita ce manyan kamfanoni suke amfani da ita. Air Peace a takarda APK ce, a baki Peace Bird. British Airways a takarda BAW, a baki Speedbird. Ba wanda yake raɗa wa kansa irin wannan suna. Ana nema ne ta hannun hukumar jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA a wajenmu, ICAO kuma ta shigar da shi kundinta mai lamba 8585, don kada biyu su yi karo.

Gajarta inkiya ma da dokarsa. Ta rajista ana iya mayar da ita harafin farko da biyun ƙarshe, Five Bravo Charlie, amma sai jami'in ƙasa ne ya fara gajartawa. Matuƙi ba ya farawa, domin jami'in ne kaɗai ya san ko akwai wani Bravo Charlie a zangon rediyon da ake magana a kai. Iri na uku ba a gajarta shi sam.

A Amurka ne wannan harka ta matuƙa 'yan sa kai ta fi kafuwa, saboda yawan masu ƙananan jirage na kansu. Ƙungiyar da yanzu ake kira Angel Flight West ta fara aiki a 1983 a Santa Monica, jihar Kalifoniya, wasu masu irin sunan kuma suka bazu a sauran sassan ƙasar. A 1990 aka kafa Air Care Alliance, inuwar da ta tattara ƙungiyoyin. Inkiya biyu suka yi fice. Ɗaya NGF, a baki Angel Flight, ta ƙungiyoyin da ke ɗauke da wannan suna. Ɗayar CMF, a baki Compassion, ma'ana tausayi, wadda Air Care Alliance ke kula da rabonta ga matuƙan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta. Ta biyun ta fi faɗi, don ban da marasa lafiya tana shafar kai kayan agaji lokacin bala'i da sauran ayyukan taimakon jama'a.

Ga inda mutane suke ruɗewa, har da wasu matuƙan. Babu ɗaya daga cikin sunayen nan da ke ba jirgi fifiko. Sanarwa ce kawai. Jami'in da ya ji Compassion ya fahimci cewa akwai yiwuwar mutum mai rauni a ciki, wanda doguwar tafiya ko girgizar iska za ta wahalar. Idan hanya ta ba da dama zai iya yanke masa zagaye, ya bar shi a tsayin da ya nema, ko ya fara saukar da shi da wuri don saukar ta zama a hankali. Wannan alheri ne daga jami'in, ba haƙƙin matuƙi ba ne. Idan sama ta cika, Compassion zai bi layi kamar kowa.

Wanda yake da fifiko shi ne MEDEVAC, jirgin da ke ɗauke da wanda ransa ke hannun Allah, ko wata gaɓa da za a dasa wa wani kafin ta lalace. A da Amurkawa Lifeguard suke cewa, a 2012 suka koma MEDEVAC don su dace da sauran duniya. Jirgin sa kai ba wannan ba ne. Ƙungiyoyin da kansu sukan gindaya sharaɗin cewa majinyaci ya kasance yana iya takawa, yana iya hawa ƙaramin jirgi, yana iya zama a kujera tsawon tafiyar, kuma likitansa ya sa hannu cewa tafiyar ba za ta cutar da shi ba. Babu gado a ciki, babu nas, babu ƙarin ruwa. Mota ce mai fiffike da ke rage wa mai zuwa gashin ƙoda ko jinyar daji nisan hanya.

Shi ya sa tun a ƙasa ake gaya wa dangi gaskiya. "Alhaji, wannan ba motar asibiti ba ce. In jikin Baba ya motsa da safe, asibiti za a nufa da shi, ba filin jirgi ba." Magana ce mai nauyi a baki, amma ta fi sauƙi a ƙasa da a ƙafa 7,000.

Yanzu ga aikin hannu, inda aka fi yin tuntuɓe. Inkiya tana zama a wuri uku, kuma dole ukun su zama abu guda ba bambancin ko harafi ɗaya: a takardar shirin tashi, a bakin matuƙi, da cikin na'urar transfonda da ke watsa sunan jirgin zuwa rada.

A takardar shirin tashi ta ICAO, gurbi na 7 ne wurin inkiya. Ba ya ɗaukar fiye da haruffa da lambobi 7, ba tazara, ba layin tsakiya. 5N-ABC sai a rubuta 5NABC. Idan inkiyar ƙungiya ce, haruffa uku sun riga sun ci wuri, saura huɗu, kamar CMF1234. Duk lokacin da abin da ke gurbi na 7 ba rajista ba ne, sai a sa rajistar a gurbi na 18 bayan REG/, domin ranar da aka shiga neman jirgi, abin da ke rubuce a jikinsa za a nema.

Transfonda kuwa abu biyu take ɗauke da su da ake yawan cakuɗawa. Akwai lamba huɗu da jami'i ke ba matuƙi a kowace tafiya, kowace daga 0 zuwa 7, jimilla 4,096. Wannan tana canzawa. Akwai kuma sunan tafiya da na'urorin zamani masu Mode S da ADS-B, wato tsare-tsaren da jirgi ke aika bayanansa ga masu kula da zirga-zirga, suke watsawa. A ƙananan jirage, injiniyan da ya haɗa na'urar yakan saka rajista a matsayin wannan suna ya kulle. Shekara da shekaru abin bai dami kowa ba. Matuƙi a Amurka yakan ɗauki haruffan ƙarshe na rajistarsa ya liƙa a bayan Angel Flight ya tashi. Da dokar Amurka ta tilasta amfani da ADS-B ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, sai ɓarakar ta fito fili: takarda ta ce NGF, baki ya ce Angel Flight, na'ura kuma tana ta shelar rajista. Kwamfutar masu kula da zirga-zirga ta ga suna biyu a kan jirgi ɗaya, ta tayar da gargaɗi, jami'in da ke da jirage goma a wuyansa ya koma warware abin da bai kamata ya taso ba. Dokar ta ce sunan da na'ura ke watsawa ya zama wanda aka rubuta a takarda. Ƙungiyoyin kuma suka koma ba kowane matuƙi lambarsa ta dindindin, wadda yake tafiya da ita ko da ya canza jirgi.

Gyaran ba wuya, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. A na'urori irin su Garmin GTX 345, injiniya ne zai buɗe damar da matuƙi zai riƙa canza sunan tafiya da kansa, kuma aikin hanga ne, wato rumfar gyaran jirage, ba na bakin titin jirgi ba. In an buɗe, kafin jirgi ya motsa sai a shigar da inkiyar daidai yadda take a gurbi na 7. Kurakuran da aka saba gani ƙanana ne: sifili a maimakon harafin O, tazara tsakanin haruffa da lamba, ƙarin sifili a gaba. Wanda ya fi su yawa shi ne mantuwa bayan an gama. An sauke majinyaci, an kwana, washegari matuƙi ya tashi harkar gabansa na'ura tana nan tana kiransa Compassion. Inkiyar ta aikin ƙungiya ce, ba ta yawon kai ba, don haka mayar da rajista ya kamata ya shiga jerin abubuwan da ake dubawa kafin a kashe inji. Wanda na'urarsa ba ta canzuwa, hanyarsa ita ce ya tashi da rajistarsa a wurare ukun, ya rubuta bayanin aikin a gurbin ƙarin bayani.

Idan kuma an riga an shigar da takarda sannan aka ga kuskure a gurbi na 7, yawanci ba a yi masa kwaskwarima. Soke takardar ake yi a shigar da sabuwa, don da wannan gurbi ne kwamfuta ke gane takardar gaba ɗayanta.

To mu a nan fa? NGF da CMF izini ne da aka ba ƙungiyoyin Amurka. Matuƙin da ya taso daga Zariya ko Kaduna ya kira kansa Angel Flight don ya ji daɗin sunan a bidiyo, ya ari rigar da ba tasa ba, kuma jami'in NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ba zai same shi da wannan suna a takarda ba. A ganina ƙungiyar da za ta fara irin wannan aiki a Arewa da jirgi ɗaya ko biyu ba ta ma buƙatar inkiya ta musamman. Amfanin inkiya yana zuwa ne idan matuƙa sun yi yawa, jami'ai sun saba jin sunan har ya zama yana nufin wani abu a kunnensu. Kafin nan, rajista ta isa, sauran bayanin kuma gurbi na 18 zai ɗauka.

Wannan gurbi ya cancanci a zauna a kansa. Bayan STS/ ake rubuta dalilin da zai sa a kula da jirgi ta musamman, kuma kalmomin ƙayyadaddu ne. STS/MEDEVAC na kwashe wanda ke tsakanin rai da mutuwa ne. STS/HOSP na tafiyar jinya ce da hukumomin lafiya suka tabbatar. STS/HUM na aikin agaji ne, irin wanda jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi a Arewa maso Gabas. STS/SAR na neman waɗanda suka ɓace da ceto su ne. Dattijonmu na Yola ba MEDEVAC ba ne. In akwai takardar asibiti da ta cika sharaɗi, HOSP ne iyakarsa. In babu, sai a bar STS/ a koma RMK/, a rubuta a gajarce cewa akwai majinyaci a ciki. Gurbi na 8 zai ɗauki G, alamar jirgin da ba na haya ba. A gurbi na 19 a rubuta adadin mutanen da ke ciki na gaskiya, har da jariri a cinya, da awannin da man zai kai.

Ana shigar da takardar a ofishin AIS, wato ofishin bayanan zirga-zirgar jirage, na filin jirgi aƙalla minti 60 kafin tashi. Lokaci da agogon UTC ake rubutawa, wanda ke bayan namu da awa ɗaya: mai tashi ƙarfe 9 na safe a Kaduna 0800 zai rubuta. Idan jinkiri ya wuce minti 30 a tafiyar da ke ƙarƙashin kulawar jami'ai, sai an sanar. Wannan yana faruwa kullum a aikin marasa lafiya, don majinyaci ba ya sauri, cunkoson Kawo kuma ba ya duba agogon kowa. Filayen ma da haruffa huɗu ake rubuta su: Kaduna DNKA, Zariya DNZA, Kano DNKN, Abuja DNAA, Jos DNJO.

Jarabar ƙara wa miya gishiri tana nan. Matuƙi ya ga an jera shi bayan manyan jirage uku a Abuja, rana ta take, majinyaci yana zufa, sai zuciya ta ce masa ai da MEDEVAC ka rubuta. Illar ba a kansa take tsayawa ba. Kowane fifiko da aka ba shi, wani aka tsayar. In jami'ai suka lura ana sa kalmar a kan wanda ya sauko da ƙafarsa yana gaisawa da mutane, gobe za su yi jim kafin su gaskata na gaskiyan.

Halin majinyaci kan canza a sama, wannan kuma yana da nasa kalmomin da ba su da alaƙa da inkiya. Pan Pan sau uku na gaggawa ne: wani a ciki yana buƙatar taimako da sauri, jirgin dai lafiyarsa lau. Mayday sau uku na haɗarin da ke barazana ga rai nan take ne. Bayan kalmar sai sunan tashar da ake kira, inkiyar jirgi, abin da ya faru, abin da matuƙi zai yi, sannan inda yake da tsayinsa da inda ya dosa. A yi kiran a zangon da ake kai. In ba a amsa ba, a koma 121.5. Lambar transfonda ta gaggawa 7700 ce, ta mutuwar rediyo 7600. A nemi motar asibiti tun daga sama, a faɗi shekarun majinyacin da abin da ke damunsa, ban da sunansa, don zangon a buɗe yake ga duk mai rediyo. Akwai wata jimla, Pan Pan haɗe da kalmar May-dee-cal, da wasu ke zaton ta kowane mara lafiya ce. Ba haka ba ne. An keɓe ta ga jiragen jinya da yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta ba kariya a fagen yaƙi.

Abin da bayanin majinyaci ya fi amfanar da matuƙi a kai shi ne neman tsayi. Ƙananan jiragen nan ba su da matsin iska a ciki, iskar da ke waje ita ake shaƙa. Mai ciwon sikila, wanda muke da su da yawa a gidajenmu, ƙarancin iskar oksijin na iya tayar masa da ciwo a tsayin da mai lafiya ba zai ji komai ba. Wanda aka yi wa aikin bayan ido aka sa masa kumfar gas bai kamata ya hau jirgi ba sam sai likita ya tabbatar kumfar ta baje, domin gas yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙafa 8,000, a cikin ido kuwa wannan na iya makantarwa. Ke nan dattijon da aka kawo lafiya ta sama, mai yiwuwa ta mota zai koma. Tambayar da za a yi wa likita ba "zai iya tafiya?" ba ce kawai, a tambaye shi har tsayin ƙafa nawa. Sannan a auna amsar da ƙasar da za a ratsa: Kaduna tana kusan ƙafa 2,000 sama da teku, filin Jos ya haura 4,000, duwatsun da ke kewaye da shi sun fi haka. Wani lokaci amsar likita ce ke zaɓar hanya.

Sai dai tashi ƙasa-ƙasa yana da farashinsa a rediyo. Zangon jiragen sama, daga megahaz 118 zuwa kusan 137, a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya bi bayan tudu. Lissafin da ake koya wa ɗalibai shi ne a ɗauki tushen murabba'in tsayi a ƙafa a ninka da 1.23, a samu nisan a mil na teku. Ƙafa 5,000 sama da ƙasa za ta ba da kimanin mil 87, ƙafa 10,000 kimanin 123. Jirgin da ya tsaya ƙasa saboda mai sikila zai iya shiga wurin da ba ya jin Kano, ba ya jin Abuja. A nan sai a roƙi babban jirgin da ke can sama ya isar da saƙo, kuma a nan ne inkiya mai sauƙin faɗi take nuna amfaninta, tunda za ta bi ta baki biyu kafin ta isa.

Duk umarnin da ya shafi tsayi, alkibla, titin sauka, ma'aunin QNH (matsin iskar da ake saita na'urar auna tsayi da shi), lambar transfonda ko sabon zango, ana maimaita shi, a rufe da inkiya. Rufewar ce ke nuna wa jami'i cewa wanda ya nufa ne ya ɗauka. Matuƙin da ya shekara goma yana amsa rajistarsa, ranar da ya ɗauki inkiyar ƙungiya kunnensa kan wuce kiran farko da na biyu bai san da shi ake ba. Maganin ɗan tsohon yayi ne: a rubuta inkiyar da manyan haruffa a liƙa a gaban ido. Lambobi kuma a faɗe su yadda aka tsara, tree, fife, niner, don kada biyar da tara su rikice cikin ƙarar inji. In jirage biyu masu inkiya mai kama da juna suka haɗu a zango ɗaya, jami'i yana da ikon canza wa ɗaya suna na ɗan lokaci. Ɗaliban kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964 kuma take horar da matuƙa da jami'an hasumiya, sun san wannan matsala da kyau, tunda jiragen koyo sukan zo da rajista a jere.

Akwai nauyin da sunan ke ɗora wa mai shi, wanda ba a rubuta a kowane gurbi ba. Mutumin da ake kira Tausayi a rediyo, ga iyali sun zuba masa ido, ga ranar ganin likita da aka jira wata uku, yana jin kunyar cewa ba za a tashi ba. Hukumar binciken haɗura ta Amurka, NTSB, ta aika wa Air Care Alliance shawarwari a 2010 bayan haɗura huɗu da suka ci rayuka a 2007 da 2008. A Ostireliya, inda tasu Angel Flight ta fara a 2003, wani jirgin sa kai ya faɗi a Mount Gambier a watan Yuni 2017 jim kaɗan bayan ya tashi cikin gajimare mai ƙasa-ƙasa, mutum uku suka rasu, a 2019 kuma hukumar jiragen sama ta ƙasar ta tsaurara sharuɗɗan irin wannan tashi. Namu gajimaren shi ne hazon hunturu, da kan rufe Kaduna da Kano daga Disamba zuwa Fabrairu har manyan jirage su fasa sauka, da kuma hadarin yamma na damina. Don haka ranar da aka tsayar da tafiya, a ranar ake tsayar da ta biyu: wace mota ce za ta ɗauki Baba in hazo ya sauka, wa zai tuƙa, kuma ƙarfe nawa ne za a yanke shawara don motar ta isa kafin a rufe karɓar kati a asibiti.